Ranar da Tagogin Kwamfuta Suka Dawo Ba Kai

Injiniyan nan ƙarya ya yi mini a gaban Madam. Ya ce ni na ɓata kwamfuta, alhali aikinsa ne.

Bayan an rufe masaƙarmu a Kakuri, da ƙyar na sami aikin buga takardu a shagon wata mata da muke kira Madam, a unguwar Television. Da yatsu biyu nake bugawa, amma dai ina bugawa. Injiniyan da ke duba mata injuna ya zo ya sa wa kwamfutar sabon tsari, ya ce in allo ya cije in danna maɓallai kaza, abin da ke riƙe da tagogin da ake aiki a cikinsu a kan allo zai sake tashi.

Wata Juma'a ina buga tsarin jana'izar wani dattijon coci, 'ya'yansa na zaune a benci suna jira, washegari za a kai shi gida. Allo ya cije. Na danna yadda ya ce. Tagogin suka dawo ba kai, ba wurin rufewa, ba wurin ja, sun hau kan juna. Rabin sunan mamacin nake gani. Na buga harafi, bai shiga ba.

A masaƙa in inji ya cije, wuta ake kashewa nan take kafin ya ci hannun mutum. Har hannuna ya kai soket, sai na tuna in na kashe, waƙoƙi da tarihin marigayin duk sun tafi. Na sake dannawa. Allo ya koma toka-toka, sai ɗan gicciye yana yawo a kai. Gumi ya jiƙa mini riga. Babbar 'yar ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya. A raina kuwa cewa nake, wa zai sake ɗaukar mai furfura irina?

Madam ta aika aka kira injiniyan. Ya juya allon don kada in gani, ya ɗan buga, tagogi suka dawo da aikin a ciki. Sai ya ce mata hannun masaƙa ba na kwamfuta ba ne. Ta yi mini irin kallon da manaja ya yi mana kafin a rufe get ɗin masaƙa.

Na zagaya bayan shago in wanke fuska, na ji shi yana gaya wa mai gyaran janareta, yana dariya, wai tsohon tsarin ne ya manta bai kashe ba, shi ya hana sabon tashi.

Na tare masa hanya. Na ce, "Oga injiniya, kai shaguna sun yi maka yawa, ni kujerar nan kaɗai gare ni. Mu koma ka faɗa mata abin da ka faɗa yanzu, ko ni in faɗa kana tsaye."