Ranar da Razak ya faɗi a filin makaranta

Wata Juma'a ce cikin hunturu, ina aji biyar na firamare a unguwar Edmonton, can ƙasar Turawa. An tashe mu tara, muna buga ƙwallo a filin siminti, mun yi raga da rigunan sanyinmu. Razak ya karɓi ƙwallo ya zura da gudu, sai kawai ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya sulale ƙasa. Ba wanda ya taɓa shi. Har dariya muka yi, mun zaci wasa ne.

Shi kaɗai ne abokina. Iyayensa mutanen zangon Kumasi ne, bene ɗaya muke a gidajen haya na ƙaramar hukuma, kuma duk makarantar da shi kawai nake yin Hausa. Tare muke ɗauko wa iyayenmu mata cefane daga shagon Baturke, tare muke zuwa karatun allo ran Asabar. In ya ce "Mamanka ya kira ka," sai in yi ta tsokanarsa, shi ko a jikinsa.

Motar asibiti ta tafi da shi, bai dawo ba. A zaman makoki na ji wata na raɗa cewa baki ne ya kama shi. Da na tambayi Umma, cewa ta yi, "Kwanansa ne ya ƙare, ka yi masa addu'a." Daga ranar na daina gudu. In an tashi tara, sai in zauna jikin katanga, hannuna cikin riga, ina sauraron bugun zuciyata.

Shekaru suka ja, ina karatun likita, wata malama ta kawo mana wani tsohon labarin Italiya na ɗaruruwan shekaru, inda saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya mutu nan take. Ta ce mu gano abin da ya kashe shi. 'Yan aji suka kaure da muhawara. A nan na fara jin cewa akwai ciwon zuciyar da ke ɓoye a jikin yaro, kuma yakan bi jini.

Razak yana da ƙanne biyu. Da aka tashi na hau jirgin ƙasa na Overground na koma tsohuwar unguwarmu, na ƙwanƙwasa ƙofarsu, don in ce a kai su gwaji. Wata baƙuwa ta buɗe, ta ce ba ta ma taɓa jin sunansu ba.

Yau aikina ke nan, gwada zukatan 'ya'yan mutane, kuma yawanci mukan gano abin da wuri. Waɗancan biyun ne har yanzu ban san inda suke ba.