Farin Tsumman Kawu

A gefen gidan mai, inda nake jira a ba tayata iska, masu baburan shiga daji sun yi layi kamar 'yan makaranta. Wanda suke jira gajere ne mai furfura, yana ɗingishi da ƙafar hagu, da farin tsumma a kafaɗa. Kawu suke ce masa. Shi ke haɗa fitar, kuma babu babur ɗin da ke shiga kwazazzabo sai ya duba shi.

Yana kama birkin gaba, ya danna kan babur da dukan nauyinsa, ya saki, ya karkata kai yana sauraro. Sannan ya goga tsumman a ƙarfen shokabzoba, wanda ke rage girgizar ramuka, ya duba.

Na ƙarshe a layin saurayi ne, babur ɗinsa sai ƙyalli yake.

"Kawu, nawa ba sai ka wahala ba. Yanzu na wanke shi."

"Na gani. Har inda ba ka saba wankewa ba."

Kawu ya danna kan babur ɗin, ya sake dannawa, ya tsaya. A hankali mai ya tsattsafo a jikin ƙarfen. Ya nuna wa saurayin tsumman.

"Ɗan yoyo ne fa kawai, Kawu."

"Ramin farko zai ƙarasa shi, ya haɗa da kai. Koma gida."

Sauran sun tayar da baburansu. Kawu sai da ya ɗaga ƙafar hagun da hannu biyu kafin ya hau nasa. Ina jin shi ma ya taɓa wanke babur tas wata safiya, ranar kuwa babu mai tsumma.