Muryar Baba a Rediyon Gwaggo

Ina shiga gidan Gwaggo, ƙanwar Babana, a Wurno, sai na ji muryar marigayi Baba yana karanta Yasin.

Makon jiya jakar kwamfutata ta suɓuce daga kwalekwale ta faɗa ruwa a Goronyo. A cikinta karatunsa da na naɗa yake, kuma na ɗauka ya tafi ke nan.

Na ce, "Gwaggo, ina kika samo wannan?"

Ta nuna ɗan rediyonta. "Mamakin mi kaka yi? Ba kai ka zuba man shi cikin memori ba, sa'adda aka yi man aikin ido?"

Ikon Allah! Kyauta na yi mata, ashe ajiya ce. Kafin in sha ruwa na kwafe shi a wayata, na tura imel ɗina.

Ku fa, muryar wa kuka bari a wuri ɗaya?