Gonar Antoine da Taron da Ya Ƙi Cika

Antoine ya daɗe yana tuƙa motar cibiyarmu, wata tsohuwar farar mota da ta san hanyar Maga da Figil fiye da yawancinmu. Cibiyar ƙarama ce, gidan haya ne a unguwar Poumpoumré cikin Garwa. Aikinta bincike da rubuta shawarwari kan halin da talakawa ke ciki: manoman auduga, masu shinkafar Maga, masu fasa dutse a Figil. Ni ne magatakarda a wurin, ni ke rubuta abin da aka tattauna a taro.

Antoine mutumin dutse ne, an haife shi a wani ƙauye can saman tuddan Mokolo. Yana saurayi ya sauko Garwa, ya yi dako a kasuwa, inda ya tsinci Hausa da Fulatanci, ya yi yaron mota, daga baya ya samu lasin. Bai iya zama wuri ɗaya ba. In babu tafiya sai ka gan shi yana wanke motar da ya wanke da safe, ko yana zagaya tsakar gida yana juya makulli a yatsa. Matarsa Sidonie, mai suyar fanke a bakin makaranta, takan ce ko a coci ƙafarsa ba ta daina rawa.

Waɗanda suka kafa cibiyar sun yi rantsuwa cewa ba za a yi shugaba a cikinta ba. Kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga mai digiri har mai shara. Jagoranci karɓa-karɓa ake yi, kuma jagoran ba ya yanke komai, taro kawai yake kira. Duk wanda zai yi nisa da aiki na tsawon lokaci sai babban taro ya amince, taron kuma ba ya zama sai akasarin mambobi sun hallara da jikinsu. Wanda ya tafi ba da amincewar taro ba, shi ya fitar da kansa. Dimitri, babban mai bincikenmu, shi ya dage a hana jefa ƙuri'a ta waya, domin a ganinsa ta haka manya ke murɗe ra'ayin ƙanana.

Antoine yana alfahari da wannan tsari. Ya taɓa gaya mini cewa duk wuraren da ya yi aiki a bakin ƙofa yake jira, nan ne kaɗai aka ja masa kujera a teburi aka tambaye shi ra'ayinsa. Sai dai bakinsa bai taɓa sabawa ba. Kullum sai ya kira Dimitri patron, wato maigida, Dimitri ya gyara masa, shi kuma ya ce to, patron kamarad.

Da ranin shekarar da nake magana mahaifinsa ya rasu. Ya bar gona a jikin dutse, hawa-hawa, kowane hawa an tare ƙasarsa da katangar duwatsu da kakanni suka jera. A garinsu, yadda Antoine ya bayyana mini, daminar farko bayan rasuwar mai gona dole a ga ɗansa a ciki da fartanya, shi da kansa, ba ɗan aike ba. In bai zo ba, dattawa su bar wa ɗan'uwan da ke kusa ya shuka, kuma wanda ya shuka ya gyara katanga, da wuya a sake karɓewa daga hannunsa. Akwai ɗan baffansa, Philippe, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasu, yara sun yi masa yawa, ƙasa ta yi masa kaɗan.

Tun hadari bai fara haɗuwa ba Antoine ya kai maganar wurin Madam Gaëlle, wadda jagoranci ke hannunta a lokacin. Ta tausaya masa ƙwarai, ta ce in don ta ita ce ya tafi yau, amma ba ta da hurumi, za ta sa maganar a taro na gaba. Taron bai cika ba, Dimitri da wasu biyu suna Yawunde wurin wani taron bita. Aka sa wata rana. Ranar ta faɗo daidai da tafiyar Maga, kuma Antoine ne da kansa ya kwashi Madam Gaëlle da Fa'iza, mai binciken harkar masunta, ya kai su. Mota ɗaya ce, direba ɗaya, shi ma mamba ne. Duk tafiyar da ya yi, kujerarsa da ta waɗanda ya ɗauka sai su zama babu kowa.

Ruwan farko ya sauka a Garwa. Antoine ya fara tsayawa a ƙofar gida yana kallon arewa, ya shigo, ya sake fita. A ƙauyensu waya ba ta kamawa sai an hau wani dutse, saboda haka sai ya yi ta kira ba ya samu, in ya samu kuma mahaifiyarsa magana ɗaya take yi: ƙasa ta jiƙa, maƙwabta sun shuka, Philippe yana zagaya gonar da safe hannunsa a baya. Antoine ya daina cin abincin rana tare da mu. Yakan shigo ofishina ya tsaya a kaina ya tambaya yaushe taro, na faɗa masa, ya fita, ba a jima ba ya dawo ya sake tambaya.

Da Dimitri ya dawo, Antoine ya tare shi tun bai ajiye jaka ba. Ina zaune ina jinsu.

“Patron, ka ce in tafi kawai. Kai ne babba, kowa ya sani.”

“Kamarad, in na ce ka tafi, na zama abin da muke yaƙa ke nan. Gobe kuma sai in ce wa wani kada ya tafi.”

“To ka zama patron na yau kaɗai mana. Gobe ka koma kamarad, ba wanda zai ji.”

Dimitri ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce haƙƙinsa ne kuma taro zai tabbatar masa da shi. Ba mugunta ba ce. Dimitri shi ya rubuta dogon rahotonmu kan yadda manoman dutse ke rasa gonakinsu, kuma ya yi imani da kowane layi na ciki.

Sidonie ma ta zo, da tiren fankenta a kai. Ta same ni a baranda ta ce, “Malam Bilya, wace irin ma'aikata ce wannan, babu mai korar mutum, babu mai sallamarsa?” Ta ce ta gaya wa Antoine ya kama hanya kawai, ya ƙi. Yana tsoron rasa aikin, ga yara a makaranta, kuma ya ce shi ma ya ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar.

Taron ya cika a ƙarshe, wata Laraba da aka wayi gari da yayyafi. Maganar Antoine ce ta farko. Dimitri ya nemi magana ya ce bai kamata a ba shi hutun a matsayin alfarma ba, a mayar da shi haƙƙi, hutun noma ga kowane ma'aikaci. Fa'iza ta ce ita ubanta ɗan kasuwa ne ba shi da ko kunya ɗaya ta gona, shin ita ba ta da damina ke nan? Wani ya kawo batun waɗanda asalinsu kamun kifi ne, wani ya ce a fara fayyace ma'anar manomi. Aka sha shayi, aka dawo. Antoine yana zaune a bakin kujera, gwiwarsa tana bugun ƙasan teburi. Ya ɗaga hannu tun farko, amma bi da bi ake magana, kuma mutane da yawa sun riga shi.

Da layi ya zo kansa bai miƙe ba. Ya ce, “Ni dai hannu nake so a ɗaga. Dawa ba ta jiran ma'ana.”

Aka ɗaga hannu, kowa da kowa. Madam Gaëlle ta ce ya ɗauki motar cibiya. Dimitri ya buɗe baki zai yi magana kan ƙa'idar amfani da mota, ta dube shi, ya rufe. Antoine ya ajiye makulli a gabana ya ce ba ya so, ya fita da sauri zuwa tasha ko jaka bai koma gida ya ɗauka ba.

Sauran labarin a waya na ji shi, daga saman dutsen nan, iska tana yanke muryarsa. Ya tarar Philippe ya shuke hawan ƙasa duka, inda ƙasar ta fi zurfi, dawa har ta rufe kunya. Dattawa suka ce abin da ya tsiro ba a tuge shi. Abin da ya rage masa hawan sama ne, masu tsakuwa, katangunsu sun zube. Ya jera duwatsun da hannunsa, ya shuka wake tunda lokacin dawa ya wuce.

Da hutun ya ƙare bai sauko ba. Ya aiko Sidonie ta faɗa wa taro cewa ya gode, amma in ya juya baya Philippe zai hau sauran. Aka karɓi uzurinsa, aka ɗauki wani direba. Madam Gaëlle ta daɗe ba ta yi wa Dimitri magana ba sai ta aiki.

Yanzu da rani Antoine yana haya da babur a Garwa, da damina yana kan dutse. Hawan ƙasa suna hannun Philippe, kowace shekara ana kai maganar gaban dattawa, kowace shekara su ce a bari a girbe tukuna. Bana na gamu da shi a tashar Marwa da buhun iri a kafaɗa, sama fes babu alamar hadari. Na ce ai da sauran lokaci. Ya ce gara ruwa ya same shi a can. Na fara tambayarsa yara, yaron mota ya buga ƙofa, Antoine ya jefa buhun saman mota ya shige ba mu gama gaisawa ba.