Ƙuri'ar Tarakta

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ɗanjuma ya zaro lamba tara daga cikin hulata ba. Ku da kuka shigo aikin gona yanzu, bari in fara daga farko.

A shekarun da kuɗin mai suka fara ambaliya, aka tura ni wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa a matsayin ƙaramin malamin gona. Tarakta ɗaya aka ba yankin. Ƙa'ida ita ce malamin gona ya rubuta sunayen masu son huɗa, direba ya bi jerin. Amma a al'ada gonar maigari ce farko, sai ta alhazai. Kafin a zo kan talaka, damina ta yi nisa.

Iyalina suna Kankara, ni kaɗai nake kwana a ɗakin da ke jikin sito. Abokina ɗaya ne, Malam Sule, malamin firamare. Da la'asar mukan zauna mu yi ta musu kan ra'ayin gurguzu, wanda duka mun karanta a makaranta. Shi yana tare da masu cewa a kifar da komai lokaci guda. Ni kuwa ina bayan waɗanda suka ce a bi ta doka da majalisa, a karɓo wa talaka haƙƙinsa kaɗan-kaɗan, ba tare da an fasa kan kowa ba.

Baba Ɗanjuma tsoho ne. 'Ya'yansa uku duk sun tafi Kaduna aikin gini, suka bar shi da gona babba, ba mai kama masa fartanya. In tarakta ba ta shiga ba, bana ba shi da hatsi.

Malam Sule ya ce, "Makullin tarakta na hannunka. Gobe da sahe ka tura direba gonar Baba, mu ga wanda zai hana."

Na ce, "In na yi haka, sati guda za a ɗauke ni, wanda zai gaje ni ya koma tsohon jeri. Bari in bi ta kwamiti."

Na bi ɗin. Sau uku ina taka keke zuwa Faskari wajen babban jami'inmu, zama biyu muka yi a zauren maigari. Daga ƙarshe aka yarda: duk rana ta uku ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma ƙuri'a za ta raba tsakaninsu. Maigari ya sa hannu yana murmushi, amma daga ranar akushin tuwon da ake aiko mini daga gidansa ya daina zuwa. Malam Sule ya ce na sayar da kwana biyu na sayo ɗaya, shi ma ya ɗauke ƙafa. Sai ya zama ina cin abinci ni kaɗai, ina musu da bango. Kaɗaicin ya dame ni ƙwarai.

Ranar ƙuri'a na rubuta lambobi na zuba a hula. Na san wacce takarda ce lamba ɗaya, da na so da na tura masa ita. Ban yi ba. Baba ya zaro tara, wato sai ya jira kusan wata guda.

Kafin ranarsa ta zo, ruwa ya sauka ba ƙaƙƙautawa. Hanyar gonarsa ta yanke, tarakta ta kafe a laka tun kafin ta kai rabi. Na ƙarasa da ƙafa. Na same shi duƙe, ya nome ɗan gefe da hannu, sauran duk ciyawa ta kai gwiwa.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Baɗi za mu nemi rabin kwanakin, tsarin zai gyaru."

Ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Allah shi kai mu, Malam. Ka yi gaskiya, ban ga laihinka ba. Amma ni hwa gonata bana ta ke, ba baɗi ba."

Na juya na koma inda tarakta ta kafe.

Baɗin kuwa mun samu rabin kwanakin. Kafin a mayar da ni Kankara, har maigari sai ya sa hannu a hula. Tsarin ya daɗe bayana, kuma har yau ina ganin hanyar da na bi ita ce mai ɗorewa. Sai dai Baba bai ga ko ɗaya ba. Da kaka 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Kaduna, gonar ta koma hannun wani alhaji.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. In kun zauna a ofis kuna cewa a bi a hankali, ba ku yi ƙarya ba. Amma ku tashi ku je ku ga wanda zai yi jiran, ku faɗa masa da bakinku. Ni na faɗa, kuma har na yi ritaya ban ƙara furta kalmar nan ta "a hankali" da sauƙi ba.