Gwaggo Ige da Kunnen Hagu

Duk wanda ya tashi Kebbe zamanin En'e ya san Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinmu, ba ta amsa gaisuwar yaro sai ta ce, "Ɗora hannu." Nan take ka bi da hannun dama ta bisa kai ka taɓa kunnen hagu. Da haka ake gane yaron da ya isa shiga makaranta, ita kuwa da ba ta taɓa zama aji ba ta mai da abin aikinta.

Zan faɗi halinta bi da bi.

Na farko, lokacin mutane ɓoye 'ya'ya suke yi idan dogarai sun zo ɗaukar 'yan makaranta. Maƙwabcinmu Bawa ya sa ɗansa cikin rumbu, ya rantse yaro ya tafi Fakku. Gwaggo ta leƙo ta kan darni ta ce wa dogari, "Ku dai duba rumbun ga, tun da sahe gero ka tari."

Na biyu, kullum bayan kunu takan jera mu gindin tsamiya, a wanke ido, a zauna shiru, kowa ya faɗi sunansa da na ubansa da ƙarfi. Wani ɗan fari, da uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, ya ce shi Ɗan'inna. Gwaggo ta ce, "To malam ba shi da inna nan. Koma gida a ba ka na yanka."

Na uku ni ne. Kaina babba, hannuna gajere, ga shi mahaifina ya ce in aka mayar da ni bana, kiwon awaki zan kama, magana ta ƙare. Kowace safiya Gwaggo na jan hannuna kamar mai tuƙa igiya. Ranar ɗauka ta yi mini aski ƙwal, ta kai ni makarantar Tambuwal. Na miƙa, na miƙa, yatsa bai kai ba. Sai ta kama kunnen ta baya ta ɗago shi har ya taɓa.

Hedimasta ya ce, "Gwaggo, hannu ka zuwa wurin kunne."

Ta ce, "Malam, sun gamu ko ba su gamu ba?"

Ya rubuta sunana.

Har na bar koyarwa jikokina na cewa kunnena na hagu ya ɗara na dama tsawo. Ban musa ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo Ige, Ya haskaka kabarinta, Ya ɗago ta kamar yadda ta ɗago ni inda ban kai ba.