Ranar Da Na Sace Malam Gado A Kan Babur

Cikin shekara ashirin da 'yan kai da na yi a ofishin wasanni na manta abubuwa da yawa, amma har gobe ba zan manta da ranar da na ɗora dattijo a bayan babur na hana shi sauka ba. Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan kuna jin ana ce mini Bawa ɓarawon tsoho, kuna dariya, ba ku san mafari ba. To ga shi na sa an rubuta, don na gaji da maimaitawa.

Ni aikina shirya fili. Matakin albashi na huɗu nake tun ina da baƙin gemu, har yau kuma nan nake. Ni ke zuba farar ƙasa, ni ke kafa tutoci, ni ke ɗaukar benci, in an tashi ni ke kwashe ledar ruwa. In abu ya yi kyau a yaba wa Oga, wato jami'in wasanni. In ya lalace a ce ina Bawa.

Shekarar da nake magana, cikin watan Janairu, takarda ta zo cewa za a yi gasar gudun dawa ta duniya ta samari 'yan ƙasa da shekara ashirin. Ga wanda bai sani ba, gudun dawa ba a kan kwalta ake yin sa ba, ba kuma a filin ƙwallo ba. Cikin gona da rami da taɓo ake bi. Kafin yaro ya ga jirgin sama sai ya ci a shiyya, ya ci a jiha, sannan a kai shi sansanin ƙasa a sake tacewa. Shiyyarmu Jega da Aliero da Maiyama ce, kuma mutum uku kacal aka ce mu kawo. Na huɗu sai ya koma gida ya ba da labari.

Tsawon gudun kilomita takwas, amma ba miƙewa ake yi ba. Da'ira ce ta kilomita biyu, a zagaya ta sau huɗu. Ku riƙe wannan sau huɗun, don shi ya kusa kashe mu.

Ina da yarona a tseren, Nasiru, ɗan garin Kimba, shekararsa goma sha takwas. Dakon buhun albasa yake yi, in ya tashi aiki a Jega ya koma gida a guje, don wai jiran mota ɓata lokaci ne. Na taɓa bin sa da babur, na ga ko haki ba ya yi. Ni na kai sunansa ofis, na ce wa Oga in yaron nan bai shiga cikin ukun ba a canza mini suna. Oga ya ba shi gajeren wando da singileti da sabon kambas mai igiya, wanda bai taɓa sa irinsa ba.

Oga ya ce yana son hanya irin wadda yake gani a talabijin, mai taɓo da tudu. Na ce akwai fadamar Kimba. Ana saura kwana biyu na tafi na zuba farar ƙasa, na bi da ita ta gefen wata gonar albasa, fangali shar, gwanin kyau. Ina cikin kafa tuta sai ga mai gonar, Malam Gado, dogon tsoho mai sanda.

"Kai, mi kaka yi nan?"

"Baba, tsere za a yi jibi. Ta gefe za su bi, ba mai taɓa maka komi."

"Wa ka korar su?"

"Ba kowa, Baba. Gudu dai."

Ya dube ni kamar wanda ya ga mahaukaci. Ya ce: "To nan zan zamna ƙarƙashin mangwaron ga. In ga ɗan da za ya taka min albasa."

Na ce madalla, har na ji daɗi na samu mai gadi. Ban tambayi ko 'ya'yansa nawa ba, ban tambayi wa ke neman wa ba. Ashe Malam Gado shi ne uban yarinyar da aka yi wa Nasiru baiko da ita.

Ranar Asabar da hantsi samari suka jeru, sun kai arba'in. Alƙalai biyu na riƙe da agogo a bakin layi, akwai masu tsaron kowace kwanar hanya, ni kuma ina kan babur a gaba, don ƙa'ida ce a samu mai jan hanya yana korar awaki da 'yan kallo. Oga ya busa usur, aka zuba.

Kafin a yi rabin da'ira Nasiru ya ba su rata mai kyau. Ina waiwaye ina murna, ina cewa yau Oga zai san ni. Muka iso mangwaro. Na wuce, na sake waiwayawa, ban ga kowa a bayana ba.

Can na hango shi tsugune. Ya tsaya nesa kaɗan da tabarmar tsohon, yana kokawa da igiyar kambas, don ɗan Kimba ba ya gaida suruki da takalmi a ƙafa. Ga gajeren wando, sai jan sa yake yana son ya rufe gwiwa, wandon ya ƙi. Na juyo da babur na iske ana gaisuwa.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau, Nasiru. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ina mutanen gida? Ƙahwar babanka ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba. Ya aikin ruwa?"

Samari na wucewa fuu, fuu, har wani ya kusa tsallake kansa. Na ce: "Nasiru, don iyayenka tashi!" Ko kallona bai yi ba. Sai da tsohon ya ce "madalla" sannan ya miƙe, ya bar kambas ɗin nan, ya zura ba takalmi.

Allah ya taimake mu, rabuwa da kambas ta ƙara masa gudu. Kafin a dawo bakin layi ya kamo rabinsu. Oga na ihu yana tambaya ina takalmin gwamnati. Na ce a raina, ai an gaisa, magana ta ƙare.

Zagaye na biyu, muna isowa mangwaro, ya sake zubewa.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai. Har ka komo?"

Wannan karon ma tsohon ya tuna akwai saƙon da yake son a kai wa uban Nasiru game da injin ban ruwa, ya shiga bayani dalla-dalla. Da aka sallami yaron ya koma na kusa da ƙarshe. Na bar jan hanya, na kafe babur, na durƙusa ni ma.

"Baba, don Allah ka ce mai ya riƙa wucewa. Mutum uku za a ɗauka. Yaron ga ƙasar waje za ya tahi in ya ci."

"Ni na tsai da shi? Shi ya ga dama. Amma in ya wuce ni kamar kututture, na san irin mijin da ɗiyata za ta samu."

"To ka koma gida, in an ƙare ka dawo."

"In bar albasata ga waɗanga marasa wando?"

Saura zagaye biyu, wato saura gaisuwa biyu. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. Na dubi can ƙarshen gonar, na dafe kai, na ce: "Innalillahi! Baba, ga su can suna yanke kwana ta cikin fangalinka na gabas!"

Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini. Tsoho ya yi wuf ya haye bayan babur, sanda a hannu, yana cewa in taka. Na taka. Muka iso gabas, albasa lafiya lau, na wuce ban tsaya ba.

"Kai, ga wurin nan! Tsaya!"

"Birki ya ƙi, Baba."

"Ƙarya kaka yi, ɗan banza! Sabkar da ni!"

Ya riƙe ni da hannu ɗaya, yana zungurina da sanda da ɗayan. Haka na sha gaban masu gudu na koma jan hanya, muka wuce ta gaban alƙalai da Oga da baƙin da aka gayyato, babbar riga na tashi a iska, tsoho na tsine mini har kakana. Oga ya buɗe baki, usur ya faɗo.

Nasiru ya iso mangwaro a zagaye na uku ya tarar da tabarma da buta da kambas ɗinsa. Wani mai tsaron kwana ya rantse mini cewa sai da ya ɗan rage gudu ya rusuna wa tabarmar. Daga nan ya fara cin mutane ɗaya bayan ɗaya.

A zagaye na ƙarshe na ji zunguri ya tsaya. Tsoho ya juya yana kallon baya.

"Wancan na gaba ɗan wa ne?"

"Ɗan Maiyama, Baba. Na biyu ɗan Jega. Na uku da na huɗu 'yan Aliero."

"Aliero? Ina Nasiru?"

"Shi na biyar."

Kun san mai albasar Kimba da mutanen Aliero. Duk shekara a kasuwa ana gaya masa albasarsu ta fi tasa girma da auki. Tsohon nan ya miƙe a kan babur yana dafe da kaina, ya kwarara murya: "Kai Nasiru! In ka bari 'yan Aliero sunka riga ka cikin hwadamarmu, kada ka koma taka ƙohwar gidana!"

Ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi irin wannan gudun ba. Ya wuce na huɗu a kan tudu. Ya kamo na uku ana saura kamar tsawon filin ƙwallo, suka jera kafaɗa da kafaɗa.

Nan na yi wautar da ta fi ta farko. Ƙa'ida ce mai jan hanya ya kauce kafin layi, don haka na tsaya taku kamar goma kafin a kai, tsoho ya sauka ya tsaya a bakin hanya yana gyara hula. Na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Sai ga Nasiru, idonsa ya faɗa kan surukinsa a tsaye, na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasa.

Na ce: "Baba, za ya tsuguna!"

Malam Gado ya dubi yaron, ya dubi layi. Ya jefar da sanda, ya tattare babbar riga, ya zura a guje. Dattijo mai jikoki, takalmi ɗaya ya fita, ya tsallake layi ya faɗa kan bencin alƙalai yana haki. Nasiru ya bi shi, ya keta layi da ƙirji ɗaya gaban ɗan Aliero, ya zube a gabansa.

"Sannu da gudu, Baba."

"Rufa min baki," in ji tsoho. "Ka ci ko ba ka ci ba?"

Ya ci. Na uku. Alƙali ɗaya ya ce a agogonsa tsohon ne na uku, sai da aka tuna masa maganar shekaru.

Ranar Litinin aka ba ni takardar tuhuma: barin wurin aiki, ɗaukar fasinja a babur ɗin ofis, da ɓatan kambas. Kambas na je na ɗauko. Lokacin da ba mai gadi kuwa, yaran sun tattake fangali biyu da gaske, don haka Lahadi biyu na yi ina gyara wa Malam Gado gona, yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana ce mini ɓarawo. A rahoton da Oga ya aika sama, ya rubuta cewa nasarar ta samu ne saboda tsarin horon da ya fito da shi.

Nasiru ya tsallake jiha, ya tsallake sansani da ƙyar, ya hau jirgi. A can waje ya zo can baya, ya ce 'yan Kenya da Habasha ba mutane ba ne. Na ce ko ka tsaya gaisuwa? Ya ce: "Wallahi Kawu Bawa ba wanda na sani a wurin, duk da haka sunka bar ni." Yanzu 'ya'yansa biyu da ɗiyar Malam Gado.

Littafin ƙa'ida da Oga ke yawo da shi ya yi maganar rami da ƙaya da faɗin hanya, amma wanda ya rubuta shi bai taɓa neman aure a Kimba ba. Ku da za ku gaje ni, in an aike ku zuba farar ƙasa, ku duba rami, ku duba ƙaya. Sannan ku nemi mai gonar ku zauna, ku tambaye shi 'ya'yansa mata nawa, kuma wa aka ba.